Zaɓen Manhajar Jagorar Hanya Mai Sauƙin Kuɗi ga Kwamfutar Aljihu

Manhajar jagorar hanya, wato tsarin umarnin da ake ɗora wa na'ura domin ta nuna wa matafiyi inda yake a kan taswira, ta zana masa hanyar zuwa inda ya nufa, ta kuma riƙa sanar da shi da murya wurin da zai yi kwana, ta fara shiga hannun jama'a sosai ne a farkon shekarun 2000, lokacin da kwamfutar aljihu take tashe. Kwamfutar aljihu ƙaramar na'ura ce mai girman tafin hannu wadda ake taɓa fuskarta da ɗan tsinke, irin su Palm Pilot da ta fito a 1996, da jerin Pocket PC da kamfanin Microsoft ya ƙaddamar a 2000, wanda iPAQ ta kamfanin Compaq da Axim ta kamfanin Dell suka fi shahara a cikinsa. Wayar zamani ta gaje aikin waɗannan na'urori gaba ɗaya, amma tambayar da masu su suka yi ta fama da ita tana nan yadda take, wato wace manhaja ce za ta kai mutum inda za shi ba tare da ta ci masa kuɗi fiye da kima ba. Amsar ta rataya ne a kan sanin ainihin abin da ake saye, domin farashin da ake gani a jikin manhaja shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren lissafin.

Siginar GPS da ake dogara da ita kyauta ce, kuma babu kamfanin da ke da ikon sayar da ita. GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakin ma'aikatar tsaron Amurka, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, aka kuma ayyana cikar aikinsa a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya sau biyu a kowace rana daga nisan kusan kilomita 20,200. Kowane tauraro yana watsa lokaci daga agogonsa mai tsananin daidaito tare da bayanin wurin da yake a sama, ita kuma na'urar da ke ƙasa tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso gare ta, ta mayar da shi nisa. Tana buƙatar taurari huɗu aƙalla, uku domin tsayar da wuri, na huɗun domin gyara agogonta mai araha, saboda kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren kusan mita 300 a ƙasa. Har zuwa watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata siginar farar hula da gangan, ta yadda kuskure kan kai mita 100, kuma umarnin shugaba Bill Clinton na daina hakan shi ne ya sauko da kuskuren zuwa abin da bai fi mita 10 zuwa 20 ba, matakin da na'ura za ta iya bambance titi da titin da ke maƙwabtaka da shi. Kasuwar manhajar jagora ta samo asali ne daga wannan mataki. A yau akwai tsarin GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, kuma yawancin na'urorin zamani suna sauraren biyu ko fiye a lokaci guda, abin da ke ƙara yawan taurarin da suke gani a tsakanin dogayen gine-gine.

Daga wannan ake fahimtar cewa daidaiton wuri aikin na'urar karɓar sigina ne, don haka duk tallar da ke cewa wata manhaja ta fi wata iya gano inda mutum yake tana buƙatar a duba ta da kyau. Yawancin kwamfutocin aljihu na farko ba su zo da wannan na'ura a cikinsu ba, sai mai su ya sayi wata daban ya haɗa ta waya, ko ta ramin kati, ko ta Bluetooth, kuma iQue 3600 ta kamfanin Garmin da ta fito a 2003 tana cikin na farko da suka haɗa komai a jiki ɗaya. Na'urar karɓar tana miƙa wa manhaja bayananta ne cikin wani tsarin rubutu na bai ɗaya da ake kira NMEA 0183, wanda asalinsa na kayan jiragen ruwa ne, kuma wannan daidaituwa ita ce ta bai wa mai saye 'yancin haɗa na'urar wannan kamfani da manhajar wancan. Haka nan jinkirin da ake samu kafin na'ura ta kama wuri bayan ta daɗe a kashe, wanda mutane kan ɗora wa manhaja laifinsa, ya samo asali ne daga tauraron kansa, domin yana aiko da bayanin tafiyarsa a kan saurin ɗigon bayani 50 kacal a daƙiƙa, ta yadda na'ura ke buƙatar kusan rabin minti tana ganin sarari ba tare da katsewa ba. Wayoyin zamani suna kauce wa wannan jira ta hanyar sauko da bayanin taurarin daga intanet, amma inda babu sabis sai su koma ga tsohon jiran, kuma ba su lalace ba.

Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne taswira. A zamanin kwamfutar aljihu manhajoji da dama sun yi gasa, daga cikinsu akwai TomTom Navigator na kamfanin TomTom da ke Holan wanda ya fito a 2002, da iGO na wani kamfanin Hungari, da CoPilot na Amurka, da Navigon na Jamus, da Sygic na Silobakiya, amma kusan dukansu suna sayen lasisin taswira ne daga kamfanoni biyu kacal, wato Navteq da ke Chicago da Tele Atlas da ke Turai. Waɗannan biyun su ne ke tura motoci masu ɗauke da kyamarori da ma'aikata su bi tituna ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wanda ke hannu ɗaya, da inda aka hana juyawa, da iyakar gudu, da lambobin gidaje, aikin da ba ya ƙarewa domin hanya takan sauya kafin a gama zagaye ƙasa. Darajar wannan aiki ta fito fili a 2007, lokacin da Nokia ta sanar da sayen Navteq a kan dala biliyan 8.1, yayin da TomTom da Garmin suka yi ta ja-in-ja a kan Tele Atlas har TomTom ya ɗauke shi a 2008 a kan kusan yuro biliyan 2.9. Ba a taɓa biyan kuɗi makamancin wannan domin mallakar fuskar manhaja ko muryarta ba.

Saboda haka, a wancan zamani, hanyar da masu sayarwa suke bi wajen rage farashi takan kasance ta rage taswirar ce, kuma nan ne mai neman araha ya fi faɗawa. Akan sayar da manhaja da taswirar ƙasa ɗaya a kan kuɗi kaɗan, sannan a nemi wani kuɗin ga kowace ƙasa da aka ƙara. Akan sayar da tsohon bugu da rangwame alhali taswirar da ke cikinsa ta shekara biyu ko uku. Akan kuma bayar da manhajar a ƙaramin farashi a ɓoye cewa sabunta taswira, wato sauya ta da sabon bugu mai ɗauke da titunan da aka gina ko aka sauya, sai an sake biya kowace shekara. Lasisin kansa yana da sharuɗɗan da ke shafar aljihu, domin wasu kamfanoni suna ɗaure shi da lambar na'ura ɗaya, wasu kuma, kamar iGO a farkonsa, suna ɗaure shi da katin memorin da aka sayar da manhajar a kansa, ta yadda ɓatan katin ko mutuwar na'urar kan zama asarar kuɗin gaba ɗaya. Lissafin da ya dace shi ne a tara kuɗin manhaja, da na taswirorin duk ƙasashen da za a shiga, da na sabuntawa na tsawon shekarun da ake sa ran amfani da na'urar, da na maƙalin gilashin mota da cajar mota, kafin a kwatanta wannan da wancan. Sau da yawa wanda ya fi tsada a ranar saye shi ne ke fita da sauƙi bayan shekara uku, in har sabuntawarsa tana cikin farashin farko. Karin maganar da ke cewa araha ba ta ado ta dace da wannan kasuwa ƙwarai.

Wannan tsarin ciniki ya rushe cikin 'yan watanni. A watan Oktoban 2009 Google ya sanar da jagorar murya kyauta a kan wayoyin Android, hannayen jarin Garmin da TomTom suka faɗi a ranar, sannan a watan Janairun 2010 Nokia ta saki nata tsarin na Ovi Maps kyauta, wanda daga baya ya zama HERE, har gamayyar kamfanonin motocin Jamus ta Audi da BMW da Daimler ta saye shi a 2015. Tun daga lokacin tambayar araha ta sauya kama, domin mai amfani ya daina biya a kanti ya koma biya ta wasu hanyoyi biyu, wato kuɗin data da kuma bayanan zirga-zirgarsa. Manhajar da ke sauko da taswira yanki-yanki yayin tafiya tana cin data a kowace fita, tana kuma tsayawa cik a inda sabis ya yanke, kuma Waze, wadda asalinta daga Isra'ila ne kafin Google ya saye ta a 2013, tana cikin wannan rukuni, domin ƙarfinta duka yana cikin rahotannin da direbobi ke aikawa nan take game da cunkoso da haɗari. Irin wannan bayanin cunkoso ana tattara shi ne daga motsin wayoyin masu amfani da kansu, don haka wanda ya ji daɗinsa yana cikin waɗanda ake auna tafiyarsu. Ba aibu ba ne ga wanda ya sani kuma ya yarda, amma ya kamata a sa shi cikin lissafi.

Bayan manhajar saye da ta kyauta ta manyan kamfanoni, hanya ta uku ta fito ne daga OpenStreetMap, aikin gayya na zana taswirar duniya wanda Steve Coast ya fara a Birtaniya a 2004, inda masu sa kai ke zana tituna daga hotunan tauraron ɗan'adam da kuma sawun tafiyar da na'urorinsu suka rubuta, sannan a bar sakamakon a buɗe ga kowa bisa sharaɗin a ambaci tushensa. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da MAPS.ME duk daga wannan rumbu suke ɗiba, kuma suna ba da damar sauke taswirar ƙasa ko yanki gaba ɗaya a ma'adanar na'ura a yi amfani da ita ba tare da intanet ba. OsmAnd ita ce mafi zurfi, tana nuna hanyoyin burji da na ƙafa da tudu da gangare, tana kuma rubuta sawun tafiya, sai dai yawan saitunanta kan ruɗa sabon hannu, kuma bugun kyautarta ya ƙayyade adadin taswirorin da za a sauke. Organic Maps ta fi sauƙin sarrafawa da sauƙin nauyi ga ƙaramar na'ura, ba ta da talla, ba ta bin sawun mai amfani, amma ba ta da bayanin cunkoso. HERE WeGo ma tana barin a sauke ƙasa sukutum kyauta, yayin da Google Maps ke barin a sauke yankin da aka shata a kan fuskar na'ura, wanda idan babu intanet jagorar mota kaɗai yake bayarwa, ban da ta mai tafiya a ƙafa ko ta motocin haya.

Akwai bambanci na asali tsakanin nau'in taswira biyu da ya kamata mai saye ya sani, musamman mai tsohuwar na'ura. Nau'i na farko hoto ne kawai, kamar taswirar takarda da aka ɗauka aka daidaita kusurwoyinta da ma'aunin duniya, kuma manhaja irin OziExplorer ta Ostareliya da ta yi suna a kan Pocket PC da shi take aiki. Tana nuna ɗigon mutum a kan hoton, amma ba ta san cewa layin da ke ƙarƙashinsa titi ne ba, don haka ba ta iya zana hanya. Nau'i na biyu yana adana kowane titi a matsayin layi mai haɗe da wasu a mararraba, tare da tsawonsa da nau'insa da alƙiblar tafiyarsa, kuma shi kaɗai ne ake iya yin lissafin hanya a kansa, lissafin da tushensa ke komawa ga dabarar gano gajeriyar hanya da masanin Holan Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959. Mai aikin safiyo ko kiwo ko binciken ƙasa da ke son ɗora tsohuwar taswirar hukuma a na'urarsa yana da ƙarin abin lura, domin GPS yana aiki ne da ma'aunin duniya na WGS 84, yayin da tsofaffin taswirorin Najeriya aka zana su bisa ma'aunin Minna, kuma rashin gaya wa manhaja wannan bambanci yana karkatar da wuri da gomman mitoci ko da siginar ba ta da wani aibu.

Ingancin taswira ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa shawarar da aka rubuta domin direban Jamus ba ta cika amfanar direban da ke tsakanin Kano da Maraɗi ba. A zamanin kwamfutar aljihu kamfanonin taswira sun zuba jarinsu ne a Yammacin Turai da Arewacin Amurka inda kasuwa take, suka bar mafi yawan Afirka ta Yamma da manyan hanyoyi kawai, har wanda ya sayi manhaja mai tsada kan iske garinsa a matsayin ɗigo ɗaya a kan farin fili. Ko a shekarun 2010, lokacin da aikin rigakafin shan-inna a arewacin Najeriya ya buƙaci sanin kowace unguwa da ruga, sai da aka zana sababbin taswirorin matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, aikin da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta shiga cikinsa, saboda waɗanda ake da su sun tsallake ƙauyuka masu yawa. Al'amura sun inganta tun daga nan, har Google ya ƙara jagorar masu babur da murya mai lafazin Ingilishin Najeriya a 2019, amma wata matsala ta daban tana nan, wato yadda ake kwatance. Manhajojin an gina su ne bisa zaton cewa kowane gida yana da lamba a kan titi mai suna, alhali a mafi yawan garuruwan yankin da masallaci ko kasuwa ko tasha ko gidan mai ake kwatance. Manhajar da ta fi amfani a nan ita ce wadda rumbun sunayen wurarenta ya fi cika, wadda kuma ke karɓar lambobin wuri kai tsaye da barin a dasa alama a ajiye, kuma a wannan fanni na sunayen shaguna da ofisoshi Google Maps ya fi manhajojin OpenStreetMap nisa a cikin birane, yayin da su kuma sukan fi shi a wasu hanyoyin karkara da masu sa kai suka bi da ƙafarsu.

Babu wata manhaja da ta san cewa damina ta cinye gada, ko cewa wata hanya ba ta biyuwa da dare saboda matsalar tsaro, domin lissafinta a kan tsawo da saurin da aka rubuta wa kowane titi yake tsayawa. Zaɓin hanya mafi gajarta, wanda ke jan hankalin mai son rage man fetur, yakan jefa mota cikin lunguna da hanyoyin burji, shi ya sa zaɓin hanya mafi sauri tare da kunna umarnin kauce wa hanyar da ba kwalta ya fi aminci ga baƙo. Muhimmin abin gwaji shi ne saurin da manhaja ke sake lissafi idan an wuce kwana, da kuma ko muryarta tana yin gargaɗi da wuri kafin shataletale ko gadar sama, tana faɗin mafita ta nawa za a bi, domin direban da sai ya kalli fuskar na'ura kafin ya gane umarni yana cikin haɗari.

Ƙarfin na'urar da kanta yana taƙaita zaɓi. Kwamfutar aljihu ta tsakiyar shekarun 2000 takan zo da fuska mai ɗigo 240 a 320 da ƙwaƙwalwar aiki ta megabayit 64, da yawansu ba sa karanta katin memorin da ya wuce gigabayit 2, kuma kafin fitowar tsarin Windows Mobile 5 a 2005 ƙarewar batir gaba ɗaya takan goge duk manhajar da aka ɗora. Wanda ya mallaki irin wannan na'ura a yau ya sani cewa kamfanoni sun daɗe da daina fitar mata da sababbin taswirori, cewa wasu tsofaffin na'urorin karɓar sigina sun rikice wajen kwanan wata tun daga 6 ga Afrilun 2019, ranar da ma'aunin makonnin GPS mai zagayen mako 1,024 ya koma sifili, kuma kuɗin da zai kashe wajen farfaɗo da ita yana iya fin na ƙaramar wayar Android ta hannu. Kwafin manhaja na sata da ake ɗorawa a kasuwannin waya, wanda a zahiri shi ne mafi araha, ba ya samun sabuntawa, kuma babu tabbacin abin da aka cusa a cikinsa. Ko a sabuwar na'ura, jagorar hanya tana cikin ayyukan da suka fi shan batir, saboda fuska a kunne take da cikakken haske, kuma na'urar da aka maƙala a gilashin gaba cikin zafin bazara takan yi zafi har ta daina karɓar caji ko ta kashe kanta, don haka maƙalin da ake sawa a bakin iskar sanyin mota ya fi dacewa da ƙasashe masu zafi.

Tunda manyan manhajojin yanzu ana iya sauke su kyauta, gwaji ya fi karanta talla, kuma gwajin da ya fi bayyana gaskiya shi ne a kashe data, a nemi wurare biyar ko shida da aka sani sarai, ciki har da sabuwar unguwa da wani ƙauye na gefen hanya, sannan a bi jagorar a kan hanyar da aka saba, a wuce kwana da gangan a ga yadda za ta yi. Biyan kuɗi yana da hujja ne ga wanda ke da buƙata ta musamman, kamar direban babbar mota da ke son manhajar da ke la'akari da tsayi da nauyin motarsa, irin bugun da Sygic da CoPilot ke sayarwa, shi ma sai ya tabbatar cewa an shigar da waɗannan bayanai ga ƙasar da yake aiki. Ga sauran matafiya masu ƙaramar na'ura da ƙarancin data, zaɓin da ya fi dacewa shi ne a ɗora Organic Maps ko OsmAnd tare da taswirar ƙasar da ta maƙwabciyarta a sauke tun daga gida, a riƙe Google Maps domin neman wurare da duba cunkoso a cikin birni, a kuma sabunta taswirorin da aka sauke kafin kowace doguwar tafiya.